Bawana Ya Kai Turanci Talla Mongoliya

Malam Bazazzage, bawana na gado, ubangidanka na Kano yana gaishe ka. Ina fata kana lafiya, in har ana kiran mutumin da gemunsa ke daskarewa tsakanin ƙofar gida da bakin titi mai lafiya. Da na so in haɗo maka da gaisuwar 'yan'uwanka na Zariya, to har yau ba su gama gardamar inda ka tafi ba. Wasu sun ce Angola. Wani dattijo a Tudun Wada kuwa ya dafa ƙasa ya ce Mangu ce ta jihar Filato, tunda an gaya masa garin akwai sanyi.

Bari in yi musu karatu, tunda ilimin birnin ilimi bai kai can ba. Mongoliya ƙasa ce da Allah ya matse tsakanin Rasha da Sin, ko ƙofar teku ba ta da ita. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.5, wato a ɗauki Nijeriya a ƙara mata rabinta, da sauran fili. Mutanenta kuwa wajen miliyan 3.5 ne, ba su kai jama'ar birnin Kano da kewaye ba, kuma kusan rabinsu sun cunkushe a babban birnin, Ulanbatar. A duk manyan biranen ƙasashen duniya babu mai sanyinsa, har Mosko sai dai ta sara masa. In aka tara zafin shekara da sanyinta aka raba, lissafin a bakin sifili yake tsayawa. A watan Janairu dare yakan sauka 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wata rana har 40. Nan ɗan Zazzau ya zaɓa ya ya da zango.

Kai fa! Kai da in jaura ta fara busawa a Samaru, ma'auni bai ko sauka ƙasa da 12 ba, za ka ɗora hular sanyi a kan hula, ka rungume kasko, wanka kuma sai Juma'a, ita ma in rana ta fito da wuri. Kai da kake aiko min da saƙo cewa ba za ka zo ɗaurin aure Kano ba saboda iskar hanya tana sa ka mura. Da labarin tafiyarka ya iso kasuwa, wani abokin cinikina cewa ya yi a bincika, ƙila bashi ka ci.

Na bincika, ba bashi ba ne. Koriya ta Kudu ka fara nema, inda albashin ya fi tsoka, aka nuna maka ƙa'idarsu: bizar koyar da Turanci ta 'yan ƙasashe bakwai ce, Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan da Ailan da Afirka ta Kudu. Koren fasfo ba ya cikin lissafi. Ga mutum ya yi digirinsa na Turanci a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shekara da shekaru yana cin ƙurar alli, yana iya fede maka jimla ya nuna maka hanta da huhunta, amma yaron da ya gama makaranta jiya a wani ƙauyen Amurka ya fi shi daraja don kawai a can aka yanke masa cibiya. A nan kam na taya ka jin haushi, don ba wanda na yarje wa ya wulaƙanta bawana sai ni.

Da ƙofar ta ƙi buɗuwa ka lalubi ta kusa da ita, kuma a matsayina na ɗan kasuwa ba zan ce babu ciniki a inda ka faɗa ba. Shekaru kusan saba'in Mongoliya tana ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet. Tun shekarun 1940 suka ajiye rubutunsu na gado, mai gangarowa daga sama zuwa ƙasa, suka ɗauki baƙaƙen Rasha, kuma duk ɗan makaranta Rashanci yake koya. Da tsarin ya rushe a 1990 sai aka wayi gari ga malaman Rashanci rututu, ga Turanci ake nema, har aka riƙa mayar da su aji ana juya su malaman Turanci. 'Yan sa-kai na Amurka, Peace Corps, suka shigo a 1991. Daga baya ga ma'adinai: tagulla da zinariyar Oyu Tolgoi a hamadar Gobi, wadda kamfanin Rio Tinto ke haƙa, ta sa duk saurayin da ke son aiki mai maiƙo ya san da wane harshe ake cike takarda. Ƙasar da maƙwabtanta biyu ne kacal, kuma kowanne ya fi ƙarfinta, dole ta nemi abin da suke kira maƙwabci na uku, shi kuwa da Turanci ake gaishe shi. A 2023 majalisarsu ta sa a dokar ilimi cewa Turanci ne babban harshen waje a makarantu. Kasuwa ta ci, masu saye sun yi layi. Abin da ya rage a duba shi ne mai tallan.

Harshen Mongol ba ya raba namiji da mace. Lamiri ɗaya ne, da shi ake nufin baba, da shi ake nufin inna. Saboda haka babban ciwon ɗalibansu in sun shiga Turanci shi ne su kira uwarsu da lamirin namiji, su kira kakansu da na mace, ko a jikinsu. Cuta ce mai neman ƙwararren likita. To a rasa wa za a ɗauko daga nisan duniya ya yi maganinta sai Bazazzage! Mutumin da tun da aka haife shi yake cewa "motan ya tashi", "rigana ya yage", "wannan matana ne". Jama'a, ku taya ni gani. Na tabbata ranar da yaro ya miƙe a ajinka ya ce yayarsa ya yi aure, kai ba ka ji wani kuskure ba, sai ma ka ji kamar kana Ƙofar Doka, ka ce a tafa masa. Ina jin shi ya sa kuka shaƙu da su haka da wuri. Jini ba ya ɓuya.

Ga kuma rikicin fa da pa. Su ba su da fa a harshensu na asali, sukan mayar da ita pa. Kai kuma, kamar duk wanda ya sha koko da ƙosai ya girma, kana musanya su yadda ka ga dama. Nan da shekara goma za a sami injiniyoyi a hamadar Gobi suna Turanci da karin Sabon Garin Zariya, Turawan kamfani su rasa daga ina annobar ta ɓullo.

Ranar da ka kira ni ta bidiyo kana shirin fita aji, ni ina shirin kwanciya, don kun riga mu da awa bakwai, a nan na ga abin da ya fi ƙarfin dariya. Dogon wando mai kama jiki, wani wandon a kansa. Safar gashin raƙumi, wata safar a kanta. Rigar ciki, rigar ulu, wata rigar ulun, sannan ƙatuwar kwat cike da gashin tsuntsu har gwiwa. Hular fata mai kunnuwa, mayafin wuya zagaye uku, takunkumi, safar hannu, da takalmin da sai ka zauna ka yi nishi kafin ya shiga. Da ka miƙe ban ga mutum ba, dilar gwanjo na gani an yi mata idanu. Ina babbar rigar? Ina karin hular nan da Zage-zagi ke tsayawa gaban madubi suna gyarawa har a tayar da sallah? Ka fita waje kana min bayani, numfashinka yana tashi fari, ka ce gashin hancinka ya sandare, na ga gashin idonka ya yi furfura nan take. Kana tsakiyar rantsuwa cewa ai yau da sauƙi, wayar ta ɗauke, don batir ma ya fi ka hankali.

Abin da ba ka so a sani, na sani. A cikin gine-ginen birnin zafi ake, don tashoshin wuta ke turo ruwan zafi ta bututu, daga 15 ga Satumba har 15 ga Mayu, wata takwas cur. Kana shiga aji tabarau ya yi hazo, gumi ya karyo, sai ka shiga ɓare kanka ɗaya bayan ɗaya, yara sun zuba maka ido. Kafin ka fito daga cikin kayan ka zama malam, kashin farko na darasi ya wuce. Ga shi da awa ake biyan ka. Wannan kam ko Bakano sai ya jinjina maka.

Su mutanen ƙasar ba su ɗauki sanyi da wasa ba, lissafa shi suke. Daga ranar da dare ya fi tsawo, wajen 22 ga Disamba, suke ƙirga tara sau tara, kwana 81, kowace tara da alamarta. A ta farko giyar da suke tatsa daga nono take daskarewa. Ta uku da ta huɗu su ne uwar dawa, har suna cewa ƙahon sa yakan daskare ya karye. A ta biyar dafaffiyar shinkafa ta daina ƙanƙarewa, a ta shida hanya ta fara leƙowa daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta tara kuwa sai tsakiyar Maris. Na zauna na yi maka naka lissafin. A tara ta farko ka daina cika baki. A ta biyu ka nemo babin shafa a kan huffi, wanda ka tsallake a makarantar zaure kana cewa wannan na mutanen Sham ne. A ta uku ka fara kiran waya kana tambayar lafiyar mutanen da ba ka taɓa gaisarwa ba. A ta huɗu ka ce min Kano gari ne mai albarka. Na naɗi muryar, tana nan a ajiye.

Akwai inda ba na zolaya. Birnin a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, in hunturu ya yi iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta danne hayaƙi ya rasa hanyar fita. Fiye da rabin mazauna birnin suna unguwannin gefe, da yawa a cikin ger, zagayayyen ɗakin makiyaya na dandaƙaƙƙen gashin tumaki, inda bututun ruwan zafi bai kai ba. Murhu ne kawai tsakaninsu da mutuwa, murhun kuma kwal yake ci. A watan Mayun 2019 gwamnati ta hana ƙona ɗanyen kwal a birnin, aka koma curarren da aka sarrafa, amma har yau in Janairu ta yi asibitocin yara cika suke da masu ciwon huhu. Da yawa daga cikin mutanen nan kuwa ba son birni ya kawo su ba. Akwai bala'in da suke kira zud: fari ya hana ciyawa da damina, sannan ƙanƙara ta rufe ɗan abin da ya saura, dabba ta kasa tonowa. A hunturun 2023 zuwa 2024 kaɗai dabbobi sama da miliyan 7 suka mutu. Makiyayin da garkensa ya ƙare sai ya naɗe ɗakinsa ya nufo gefen birni, burinsa ɗansa ya yi karatun da ba ruwansa da ciyawa. In irin wannan yaron ya zauna a gabanka, ka koyar da shi da gaske, ka bar labarin Sarauniya Amina sai an tashi. Takunkumin nan kuma kada ka cire shi don gayu.

Mu koma kan cikinka, don na san can hankalinka yake. Ƙasar nama ce, a 2019 dabbobinsu sun kai miliyan 70, kowane mutum ɗaya ya tashi da wajen ashirin. Ka sauka kana lasar baki, sai ka ga yadda ake yanka: a kwantar da tunkiya, a ɗan tsaga ƙasan ƙirjinta, a zura hannu a tsinke jijiyar zuciya, ko ɗigon jini ba ya taɓa ƙasa. Nan yawunka ya koma. Allah ya taimake ka da Kazak, Musulmin ƙasar, waɗanda cibiyarsu take can lardin Bayan-Olgi a ƙarshen yamma, wasu kuma suna Nalaih, tsohon garin haƙar kwal da ke kusa da birni. Yanzu an ce kai ne babban aminin mahautansu, kana sayen rabin rago ka rataye a barandar bene, sanyin Allah ya riƙe maka shi har bazara ba ruwanka da kuɗin wuta. Shayi kuma da madara da gishiri, babu sukari. Ɗan ƙasar rake da mazarƙwaila yana kurɓar shayin gishiri yana cewa madalla! Nonon goɗiya mai tsami da suke kira airag kuwa, ka ce min ba ka taɓa ba saboda yana bugarwa. Na karɓa, tunda ba ni da shaida. Fate dai sai a mafarki, don ko ka sami tsakin masara, rama da yakuwa ba sa fitowa a ƙanƙara.

Wanda ya fi min daɗi shi ne na Tsagan Sar, bikin sabuwar shekararsu. Tun da sauran makonni kowane gida ke ƙulla buz, ƙullin fulawa da nama a ciki da ake turarawa, ɗaruruwa har dubbai, a jera a waje su daskare. Ranar biki a girke dafaffen gadon bayan rago da jelarsa mai kitse a tsakiyar tebur, yaro ya tallabi gwiwar hannun babba ya gaishe shi, dattawa su yi musayar kwalbar taba gari, baƙo kuma ba ya fita sai ya ci har ya gaji. Iyayen ɗalibanka suka yi ta rububin gayyatar malam. Da yake su ma da jinjirin wata suke lissafi, a 2025 bikin ya faɗo 1 ga Maris, ranar da aka ɗauki azumi. Ka shekara kana jiran walimar da ta fi kowace a ƙasar, ka je ka zauna gaban tururin nama da bakinka a rufe kana murmushin dole. Alhakin Kanawa ne, ka riƙa tunawa.

Sai dai na gano dabararka. Azumi yana ja da baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, yana nufar tsakiyar hunturu, a can kuwa yinin Disamba bai kai awa tara ba. Mu muna nan muna lissafin la'asar, kai ka sha ruwa ka yi barci har ka juya. Wato duk wannan hijirar, gudun dogon azumi ne. To ka zauna har ya zagayo Yuni, lokacin da yininsu ke kai awa goma sha shida, mu ga ƙarshen wayo.

Yanzu lissafi, don Bakano ba ya rufe shago bai duba littafi ba. Ka aiko wa mutanen gida cewa albashinka miliyoyi ne, suka yi ta guɗa a Kwarbai. Ba ka gaya musu miliyoyin mene ne ba. Kuɗinsu tugurik ne, kuma a 2024 dala ɗaya tana canzuwa a kan sama da tugurik 3,000, lokacin da naira, duk da jinyar da take yi, take wajen 1,500. Ka tsallake ƙasashen duniya kaf ka gano wadda kuɗinta bai kai rabin naira ba. Takardarsu mafi girma ta 20,000 ce, da hoton Jangis Khan yana harararka, kuma ba ta kai dala goma ba. Cire kuɗin haya, cire kwat da takalmi da ka sayo a kasuwar Narantul, cire maganin tari, cire kuɗin jirgin da sai ya kai ka Istanbul kafin ya juyo da kai Abuja. Sannan ka dubi hajar kanta. Turancin nan ba naka ba ne, dillanci kake. Ka kwana kana gyara rubutun yara, su je su zauna jarrabawar IELTS, kuɗin rajista ya wuce wurin masu ita a Ingila da Ostireliya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Har ma na ji wata makaranta ta roƙe ka, in iyaye sun tambaya, ka ce daga Amurka kake. Ka ƙi, ka ce kai ɗan Zariya ne, suka duba taswira suka rasa. Ka kyauta, amma kada ka ɗauka a kanka aka fara. Fatar jar akuya da aka jeme a nan ƙasarmu ta yi ɗaruruwan shekaru tana keta Sahara a bayan raƙuma, Turawa suna saye suna kiran ta fatar Maroko. Bambancin kawai, kakannina sun karɓi kuɗinsu kafin a sauya wa kayan suna.

Abin da ke ci min rai, kana zaune a kan dukiya kana koyar da jam'i da tilo. Awakin ƙasar da kake suna da wani lallausan gashi a ƙarƙashin na sama, wanda ake tajewa da bazara, kashmiya, akuya ɗaya ba ta ba da rabin kilo a shekara, kuma bayan Sin babu ƙasar da ta kai Mongoliya samar da shi. Rigar sanyi ɗaya ta gashin nan a kantunan Turai ta isa ta biya hayarka. Ga ƙiraga da fatu na miliyoyin dabbobin da ake yankawa duk farkon hunturu. Da Bakano aka sauke a filin jirgin nan, ko gaisuwarsu bai iya ba, kafin tara ta uku ya san farashin fatar tunkiya a kowace unguwa, ya kama shago, ya aiko a turo masa ƙaninsa. Kai ka yi shekara ba ka san ko nawa ake sayar da akuya ba, amma ka san ranar da aka haifi Shakespeare.

Don haka ga aikinka, kuma umarni ne. Ranar da ba ka da aji ka shiga kasuwa ka tambayo min sarin safar gashin raƙumi, dozin nawa ke cika buhu, da abin da za a kashe a kawo ta Kano kafin Disamba. Masu gadi da 'yan acaɓa da masu shayin asuba za su wawashe ta, Zage-zagi kuma a ninka musu kuɗi, tunda an san halinsu da sanyi. Ka haɗo da samfurin fata uku in kai wa dukawan Ƙofar Wambai su gani. La'adarka tana nan, da tugurik zan biya. Kuɗin shararka na Cika-ciki kuwa na riƙe, don ba ka zo ka share ƙofar gidana ba, kuma kwashe ƙanƙarar da kake yi a ƙofar wasu ba ta shiga lissafina.